Za a iya raba uwa da 'ya'yanta saboda tana fama da taɓin hankali?

Tambaya: Yayata ce mijinta ya sake ta, ta dawo gidanmu a Kano da 'ya'ya uku: mace 'yar shekara bakwai, namiji ɗan shekara uku, da wanda take goyo. Tun bayan haihuwar na ƙarshen take fama da larurar ƙwaƙwalwa. An kai ta asibiti ta samu sauƙi, sai ta daina shan magani, ciwon ya dawo. Watan jiya aka tsinci ɗan shekara ukun a bakin titi shi kaɗai, wani mai shago ya dawo da shi. Yanzu uban yaran ya ce zai kai ta wurin 'yan sanda kan sakaci, kuma zai karɓe 'ya'yansa duka tunda mahaukaciya ba ta riƙon ɗa. Yayyenmu maza sun ce a daina kai ta asibiti kada katin ya zama hujja a kotu, a koma ruƙiyya a gida. Mahaifiyarmu tana nan da ranta, ni ma ina aure a unguwar. Za a iya ɗaure ta? Za a iya raba ta da yaran?

Amsa: Allah ya ba yayarki lafiya, ya raya mata zuri'arta. Zan fara da shawarar yayyenki maza, domin a ganina ta fi barazanar tsohon mijin haɗari. Kada a daina kai ta asibiti. Katin da suke tsoro shi ne babbar garkuwarta, ko a gaban majistare ko a gaban alƙali. Doka ba ta hukunta mutum don yana da ciwo, kuma ba sunan ciwon kotu take bi ba. Abin da take bi shi ne halin da yaron yake ciki, da kuma abin da manyan gidan suka yi bayan sun san akwai matsala. Gidan da ya san 'yarsa ba ta da lafiya ya yanke mata magani don gudun takarda, ya haɗa wa abokin shari'arsa hujja da hannunsa.

Maganar ɗauri ita ce ta fi tayar muku da hankali, amma ita ce mafi rauni a cikin barazanarsa. A kundin hukunta laifuffuka na Final Kod, wanda kotunan majistare na Arewa suke aiki da shi tun 1960, sassa biyu ne suka taɓa irin wannan. Sashe na 237 yana magana kan uba ko uwa ko mai kula da yaron da bai kai shekara 12 ba, ya kai shi wani wuri ya bar shi da niyyar yasar da shi gaba ɗaya. Hukuncinsa yana iya kai wa shekara 7, ko tara, ko duka biyun. Wannan na masu ajiye jariri a kwali a bakin masallaci ko a tasha ne. Yaron da ya sulale ta zaure uwarsa tana kwance bai shiga nan ba. Sashe na 238 shi ne na azabtarwa da sakaci: wanda yaro ɗan ƙasa da shekara 15 yake hannunsa, ya gallaza masa ko ya yi sakaci da shi da gangan har yaron ya sha wahalar da ba dole ba. Ɗaurinsa har shekara 2 ne, in kuwa lafiyar yaron ta taɓu sosai, har shekara 5. Wasu jihohin, kamar Kaduna da ta sake kundinta a 2017, lambobin sassan sun canza, amma ginin maganar ɗaya ne.

Nauyin da ke kan mai gabatar da ƙara shi ne ya tabbatar da gangancin. Bai isa ya ce an ga yaro a titi ba. Sai ya nuna cewa uwar ta san yaron yana buƙatar kulawa ta ƙi, ko ta san haɗarin ta yi ko-oho. Matar da ciwo ya hana ta barci kwana da kwanaki, ko magani ya kwantar da ita da rana tsaka, da wuya a ɗora mata wannan. Bayan haka akwai sashe na 51, wanda ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata a lokacin da taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Shari'ar Musulunci ma a kan wannan take, tunda hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo.

To amma doka tana ɗaukar kowa a matsayin mai hankali har sai an nuna akasin haka, kuma wanda ake tuhuma ne zai nuna. Da me yayarki za ta nuna? Da rantsuwar 'yan'uwanta, waɗanda kowa ya san za su kare ta? Abin da majistare yake ba wa nauyi shi ne fayil ɗin asibiti mai kwanan wata, wanda aka buɗe tun kafin rigimar ta taso, da likitan da zai ce ga abin da ya gani a ranar kaza. In aka bar zuwa asibiti yau, aka shigar da ƙara bayan wata shida, watannin nan shida babu kowa da zai yi mata shaida a kansu.

Kada kuma ku ɗauki sashe na 51 a matsayin ƙofar komawa gida salin-alin. In kotu ta yarda mutum ya aikata abin amma ba ya cikin hankalinsa, tana da ikon ba da umarnin a tsare shi a inda za a kula da shi, kuma in ba ya iya fahimtar shari'ar da ake yi masa, akan dakatar a tura shi a duba lafiyarsa. Saboda haka abin da ya fi shi ne kada maganar ta kai ga tuhuma tun farko. In 'yan sanda sun gayyace ta, kada ta je ita kaɗai, kada ta sa hannu ko ta dangwala a kan wani jawabi alhali ba ta cikin natsuwa. A tafi da lauya, da katin asibiti, da kwalayen maganin. In babu kuɗin lauya, akwai ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duk suna da ofis a Kano. Ku kuma sani cewa ofishin 'yan sanda ba ya yanke wanda zai riƙe yaro. Ɗan sanda yana iya ɗauke yaro daga haɗarin da ke gabansa a take, amma ya ce daga yau 'ya'ya sun koma hannun uba, wannan ba huruminsa ba ne. Hisba ma sulhu take yi, kuma sulhu sai da yardar ɓangarorin biyu.

Akwai wata hanya dabam da hukuma take iya shiga, wadda ba ta neman mai laifi ko kaɗan. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ce tushenta a tarayya, jihohi kuma suka yi nasu a kan tsarinta da 'yan gyare-gyare: Kaduna a 2018, Kano a 2023. Sashe na 1 na dokar tarayyar ya ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk abin da ya shafe shi. Sashe na 14 ya ce yaro yana da haƙƙin kulawar iyayensa, kuma ba a raba shi da su haka kawai sai don iliminsa da jin daɗinsa ko da hukuncin kotu. Kafin kotu ta ɗauke yaro ta damƙa wa hukuma, sai ta gamsu cewa yana cutuwa sosai ko yana gab da cutuwa, kuma cutarwar daga irin kulawar da yake samu take. Tsakanin barin yaro yadda yake da ɗauke shi akwai mataki na tsakiya, inda yaron zai ci gaba da zama a gida amma jami'in jin daɗin jama'a yana leƙowa yana rubuta rahoto.

A nan sai na faɗa miki abin da ba zai yi daɗin ji ba. Wannan dokar ba ta tambayar ko uwar tana da laifi. Ko da ita ce mafi son 'ya'yanta a duniya, ko da ciwon ba ita ta ɗora wa kanta ba, in yaro ɗan shekara uku yana iya kai wa bakin titi ba wanda ya lura, akwai abin da kotu za ta duba. Kuma a gaskiya tambayar farko da ni zan yi ba a kan yayarki take ba. Gida ne da akwai kaka, akwai kawunnai, kowa ya san matar ba ta da lafiya kuma ta bar magani. Ina kowa yake a lokacin? Mara lafiya tana da uzuri. Masu lafiyar da suka bar mata yara uku ita kaɗai su ne ba su da shi.

A aikace, gwamnati ba ta rububin ɗaukar 'ya'yan mutane. Wuraren da take da su kaɗan ne, kuma gidan yara irin na Nassarawa a Kano an fi kai masa waɗanda aka tsinta ba a san danginsu ba. Jami'in da ya zo gida ya tarar da dangi tsayayyu, da su zai yi aiki. Abin da idonsa zai kai gare shi ƙananan abubuwa ne. Zai nemi katin rigakafin jaririn ya ga ko an tsallake allura. Zai dubi jikinsa, wataƙila a zagaya masa igiyar auna dantse, wadda jan ɓangarenta yake nuna ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani ga yaron da ya wuce wata shida. Zai ga ko rijiyar tsakar gida tana da murfi, ko ƙofar zaure tana da sakata daga sama inda hannun yaro ba ya kai wa, ko maganin uwar yana kan taga kusa da tabarmar yara.

Sannan zai dubi babbar, 'yar shekara bakwai ɗin, wadda ba ki ce komai a kanta ba. A irin waɗannan gidaje ita ce ake mantawa, domin ba ta ɓata a titi, ba ta kuka. Ita ce take goya jariri in uwa ta kwanta, ita take hura wuta, ita take sanin yau Umma ba ta yi barci ba tun kafin manya su sani. Kowa yana yaba mata hankali, a hankali ta fara fashin makaranta da Islamiyya. In aka tambaye ni alamar da ta fi nuna cewa gida ya bar wa mara lafiya nauyin da ya fi ƙarfinta, wannan zan nuna. Ku sauke mata wannan kayan, kuma a samu babba ya gaya mata da bakin da za ta gane cewa Ummanta ba ta da lafiya ne, ana yi mata magani, kuma ba laifin kowa ba ne, balle nata.

Yanzu sai reno, inda ainihin shari'ar za ta kasance in ya kai ƙara. Tunda Musulmi ne kuma auren Musulunci aka yi, kotun shari'a za a je, alƙali kuma da mazhabar Malikiyya zai yi hukunci. Abin da mutane da yawa suka ɗauka, cewa da an yaye yaro ya zama na uba, al'ada ce. A Malikiyya uwa ce take da haƙƙin reno bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Uba yana nan da waliccinsa, yana duba tarbiyya da karatu, kuma ci da sha da sutura da magani a kansa suke duk inda yaran suke zaune. Ba ki faɗa mini ko yana aiko da abinci ba. In ba ya aikowa, ku rubuta tun daga watan da ya daina, domin ita ma ƙara ce mai zaman kanta. Da a Abuja ne ma, dokar hana cin zarafi ta 2015 ta mayar da barin mata ko 'ya'ya babu abin ci laifi, mai ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira 500,000.

Maganarsa cewa mahaukaciya ba ta riƙon ɗa tana da tushe a littafi, kada ku raina ta. Hankali yana cikin sharuɗɗan mai reno, tare da iya ɗawainiyar yaro da amana da sauransu, kuma masu sharhin Mukhtasar na Khalil, babban littafin fiƙihun Malikiyya, sun tsananta har suka ce wanda haukansa yake zuwa yana tafiya ma ba shi da reno. Lauyansa zai karanto wannan. Amma akwai abu biyu da shi uban bai lissafa ba.

Na farko, in reno ya faɗi daga hannun uwa, ba hannun uba yake faɗawa ba. Jerin yana bin dangin uwa tukuna: kakar yaran ta wajen uwa, wato mahaifiyarku, sannan kakar uwar in tana raye, sannan 'yar'uwar uwa, wato ke, sannan innar uwar. Bayan su ne ake zuwa kaka ta wajen uba, sannan uban. Ko an zo kansa ma, sai yana da macen da za ta kula da yaran a gidansa. Ke nan ko ya ci nasarar nuna cewa yayarki ba ta iyawa a yanzu, abin da ya yi shi ne ya miƙa wa surukarsa ta dā yaran, yana kuma ci gaba da ciyarwa.

Sai dai akwai ƙugiya a nan da ya kamata ku shirya mata. Khalil ya sa sharaɗin cewa wadda reno ya koma hannunta ta kasance ba a muhalli ɗaya take da uwar da renonta ya faɗi ba, ga shi kuwa yayarki a gidan mahaifiyarku take. Ke kuma kina da aure, kuma macen da ke ƙarƙashin mijin da ba muharramin yaran ba ne ana iya ƙalubalantar renonta. Shi ya sa matsayinku na farko a kotu ya kamata ya zama cewa renon uwar bai faɗi ba: tana da ciwo mai magani, tana shan maganin, ga mahaifiyarta tana tsaye a kanta dare da rana. In alƙali bai gamsu ba, sai ku zo da tsari na biyu a shirye, misali yaran su zauna wurin kakarsu, ita kuma ta koma wani gida na dangi a unguwar na wani lokaci, tana zuwa kullum tana ganinsu tana shayar da ƙaramin. Wanda ya zo kotu da tsari a hannu ya fi wanda ya zo da musu kaɗai.

Na biyu, renon da aka rasa saboda uzuri irin na rashin lafiya yana dawowa in uzurin ya gushe. Wannan ya bambanta da matar da ta sarayar da haƙƙinta da kanta ba tare da dalili ba, wadda ba ta da damar dawowa ta ce ta fasa. Amma malamai sun ce in ta warke ta yi shiru kamar shekara guda ba ta nema ba, ko yaron ya shaƙu da wadda take riƙe da shi har raba su zai cutar da shi, to ba lallai a mayar mata ba. A nan mata da yawa suke rasa 'ya'yansu ba tare da wata shari'a ba. Dattawa su zauna a zaure, a ce a ba uban yaran kafin ta samu sauƙi, babu rubutu, babu wa'adi. Shekara biyu ta wuce, ta dawo garau, a ce ai ita ta bayar. Duk sulhun da za a yi, a rubuta shi, a rubuta cewa saboda rashin lafiya ne kuma na wani lokaci ne, ba sarayarwa ba ce, a sa abin da uba zai riƙa bayarwa da ranakun da zai ga 'ya'yansa, sannan a kai gaban alƙali ya tabbatar da shi.

Ra'ayina a kan wancan tsananin na masu sharhi shi ne, sun yi magana ne a kan wanda hankalinsa yake gushewa ba a san ranar da zai tashi ba, kuma babu abin da ke riƙe shi. Ba daidai ba ne a kwaso duk mai zuwa asibitin ƙwaƙwalwa a zuba a ƙarƙashin wannan hukunci. Mai ciwon damuwa tana cikin hankalinta sarai. Mai ciwon da ke hawa da sauka, in tana kan magani, tana iya shekaru ba a ga komai ba, tana koyarwa ko tana kasuwancinta. Rikicewar da ke zuwa wa mai jego, wadda take samun mace 1 zuwa 2 a cikin haihuwa 1,000 kuma ta fi farawa a makonni biyun farko, tana da ban tsoro ƙwarai amma yawancin masu ita suna warkewa in an yi magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun wata larurar ƙwaƙwalwa, akasari damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kusa kashi 20. In duk waɗannan za a ƙwace wa 'ya'ya, unguwa nawa za ta rage? Alƙali ba likita ba ne, ba zai iya bambance wannan da wancan da ido ba. Wanda zai bambance masa shi ne rahoton likita, kuma nan ma mun sake dawowa kan katin.

Rahoton da ke da amfani ba mai layi biyu ba ne da ke cewa ana duba wance a asibitinmu. Ku roƙi likitan da ke ganinta ya faɗi tun yaushe take zuwa, yadda take in tana kan magani, abin da take iya yi wa yara da kanta da abin da take buƙatar taimako a kai, da alamomin da in an gani za a dawo da ita da sauri. Da yardarta za a rubuta shi. Tsohon mijin ba shi da ikon zuwa asibiti ya karɓi bayaninta: sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya sa bayanan mara lafiya sirri ne, ba a fitar da su sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wani dalili da doka ta ambata. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu wannan larura wariya. Kotu tana iya neman fayil ɗin, gaskiya ne. In ta nema, gara ta tarar da na mai zuwa a kan lokaci da ta tarar da wanda aka rufe ana tsakiyar ciwo.

Ni ba likita ba ne, amma akwai tambayar da ban ga kun yi ba: me ya sa ta daina shan maganin? Mata masu goyo suna da dalilai na gaske. Wani maganin yana sa barci mai nauyi har ba ta jin kukan jariri da dare. Wani yana sa ƙiba ko rawar hannu ko taurin jiki. Wata tana tsoron ya bi nono. Wata kuɗin ne ya gagara, wata kuma gorin 'yan gida ne, kullum a ce ta sha ƙwayarta. Kusan kowanne yana da mafita a wurin likita: a rage, a canza, a mayar da shi na dare, a zaɓi wanda ya dace da mai shayarwa, ko a koma allurar da ake yi sau ɗaya a wasu makonni ga wanda ta dace da ciwonsa. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Aminu Kano. Likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka za a sha layi, a je da sassafe kuma a je da wanda zai riƙe mata jariri.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar asibiti a kansu. In ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, in tana jin muryoyi, in ta fara cewa an canza mata jariri ko wani abu ya shige shi, in tana maganar mutuwa ko cewa yaran sun fi hutawa in babu ita, to a ranar za a kai ta, kuma kafin a kai ta kada a bar ta da yaro ita kaɗai ko na minti biyar. Ba don muguwa ce ba. Mafi yawan masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, amma waɗannan alamomin su ne na 'yan lokutan da abin yake faruwa.

Ruƙiyya ba ta karo da asibiti. A yi mata addu'a, a yi tofi, ta sha maganinta. Inda nake ja da baya shi ne wurin da za a ce sai an bar ƙwaya kafin aljani ya fita, ko a sa bulala, ko a kai ta gidan mari. Kowa ya ga abin da aka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa. Wanda ya ɗaure mara lafiya ko ya doke ta, shi ne ya aikata laifin da 'yan sanda za su iya kama shi a kai, ko da ɗan'uwanta ne.

Shi ma uban a yi masa adalci. An kira shi an ce an tsinci ɗansa a bakin titi, dole ransa ya tashi, kuma in dangin uwa suka kasa, alƙalin da ya ba kakarsu ta wajen uba ko shi kansa bai yi zalunci ba. Sau da yawa irin wannan barazanar tana sauka in mutum ya ga an ɗauki mataki. A tura masa dattijon da yake jin nauyi, a gaya masa an koma asibiti ranar kaza, kakarsu ce take kwana da yaran, an sa wa ƙofa sakata, babbar ta koma makaranta, ga ranakun da zai zo ya gan su. A kuma gaya masa abin da ke kansa na ciyarwa, har da kuɗin makaranta.

In kuwa ya ƙi, ya shigar da ƙara, ku halarci kowane zama, kada a yi hukunci a bayanku. In hukuncin bai yi muku ba, akwai ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan riƙon yara da al'amuran Musulmin da hankalinsa ya taɓu. Kwanakin ɗaukaka ƙara ƙididdigaggu ne, don haka a nemi kwafin hukuncin a ranar da aka yanke shi. In kuma ya biyo ta bayan gida, ya ɗauke yaran daga makaranta ko ya karɓe su da sunan yawon sallah ya ƙi dawo da su, kada yayyenki su tafi gidansa da faɗa. A rubuta ranar da abin ya faru da waɗanda suka gani, mahaifiyarku da yayarki su je kotun shari'a a cikin makon su nemi a dawo da yaran hannun mai haƙƙin reno kafin a saurari sauran maganar.